STC ya girmi Gana, me ya sa har yau sai gwamnati ta saya masa mota?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da STC, kamfanin safa na gwamnati, ina so manya su warware mini. Kamfanin nan tun 1909 yake, ya girmi 'yancin Gana da shekara 48. Yana da tasha a tsakiyar Akra da Kumasi da Takoradi da Tamale, filayen da ɗan kasuwa ba zai taɓa samun irinsu ba a yau. Amma duk sanda motocinsa suka tsufa sai an jira shugaban ƙasa ya zo ya yanke ƙyalle. Mahama ya kawo 50 a 2016, Akufo-Addo ya kawo 100 a 2020, kuma ku lura, duka biyun shekarun zaɓe ne. Kamfanonin safa na 'yan kasuwa irin su VIP da suka fara jiya-jiya ba wanda ke saya musu ko taya, ga jajayen motocinsu sun cika hanyar Kumasi. Ni a ganina a sayar da STC kowa ya huta.

Malamin Tarihi, Kumasi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai an taɓa sayar da shi, shi ya sa nake so mu bi abin daga tushe.

Abin da Turawa suka kafa a 1909 ba kamfanin fasinja ba ne. Sashen sufuri ne na gwamnatin Gold Coast, wato Gana kafin 'yanci, aikinsa ɗaukar kayan gwamnati da ma'aikatanta. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Akra ya iso a 1923, daga nan dogo bai ƙara taku ɗaya zuwa arewa ba, har gobe. Don haka duk abin da zai je Tamale ko Gambaga ko Wa, in ba a kai ba to a mota. Sai a watan Maris na 1965, zamanin Nkrumah, aka mai da sashen ya zama State Transport Corporation, aka ce ya ɗauki jama'a ya kuma nemi kuɗi. A 1968 aka haɗa masa da ɗaukar manyan kaya. A 1995, lokacin da gwamnatin Rawlings ke ta rabuwa da kamfanoninta, aka yi masa rajista irin ta kamfanin kasuwa, sannan a 2000 aka sayar wa wani kamfanin 'yan kasuwa mai suna Vanef mafi yawan hannun jarin. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna motocin da aka rubuta wa Vanef STC. Abin bai yi ƙarko ba. Hannun jarin ya koma wurin SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, a 2003 aka sake masa suna Intercity STC. Yau SSNIT ke da kashi 80, gwamnati 20.

To ka ga ɗan kasuwa ya riƙe shi, bai kai shekara huɗu ba ya saki.

Ɗan Nima:
Malam, don mutum ɗaya ya saya ya kasa ba shi ne ya nuna kowa zai kasa ba. A nemi wanda ya san harkar mota.

Malamar Asibiti, Bolga:
Ni maganar SSNIT ɗin ce ta tsaya mini. Wannan kashi 80 ba kuɗin wani attajiri ba ne, kuɗin fanshonmu ne da ake yanka a albashi duk wata. In STC ya ci riba, tsufanmu ne ya gyaru. In ya faɗi, mu ne muka faɗi. Saboda haka ban yarda a ce ai kamfanin jama'a ne ba sai ya ci riba ba. Dole ya ci. Amma kuma ban yarda a sayar da shi a ɓoye a kan farashin banza ba, don wanda zai saya filayen yake hange, ba fasinjan Bolga ba.

Tsohon Direba:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa.

Ɗana na Nima, ban taɓa cin albashin STC ba. Motocin 'yan kasuwa na ja har ƙarfina ya ƙare, don haka ba kare gidanmu nake yi ba. Amma ku yara ba ku san yadda hanyar arewa take da ba. Maigidana da ya koya mini mota, ta Mampong yake bi, ya faɗa Ejura, Atebubu, ya tsaya Yeji a jira jirgin fito, a haye a kama Salaga sannan Tamale. Hanyar iyayenmu fataken Gwanja ke nan, masu goro. Da aka datse ruwa a Akosombo, tafki ya cika, mashigin Yeji ya yi faɗin da in jirgi ya tafi sai ka wuni kana jiransa. Shi ya sa harka ta koma ta Techiman da Kintampo, a haye gadar Buipe, a haye ta Yapei.

A wancan zamani lori muke ja mai bodin katako, fasinja a kan benci, buhun masara a ƙarƙashin ƙafarsa, akuya a bayansa. Ba ma tashi sai mota ta cika, ko da za a kwana biyu a tasha. Sai ga motar gwamnati, Setra ta Jamus, kujera mai laushi, an rubuta ƙarfe kaza za ta tashi kuma ta tashi ko da kujeru biyar ba kowa. Wallahi mu direbobi haushi muke ji, amma a wurinsu muka ga ana duba birki da taya kafin mota ta fita, a wurinsu muka ga direba da yunifom, a wurinsu muka ga ana ba kaya lamba. Ranar 4 ga Agusta 1974 da ƙasa ta bar tuƙin hagu ta koma dama ina yaron mota, kowa a tsorace yake, da yawanmu bayan motar gwamnati muka riƙa bi don mun san an horar da direbanta.

Duk tsarin da kake gani yau a VIP da OA da sauransu, tikiti da lambar kujera da ɗakin jira, ba daga sama suka samo shi ba. Sun tarar da ma'auni ne suka bi. In ka cire mai riƙe da ma'aunin, ka ba shi shekara biyar ka gani.

Ɗan Nima:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Na yarda sun koya wa mutane. Amma wanda ya koya maka sana'a in ya tsufa ai hutawa yake yi. Tambayata tana nan: ina kuɗin tikitin yake tafiya da ba za su iya sayen mota da kansu ba?

Bakanike a Suame:
Yawwa, yanzu aka zo wurina. Ɗan'uwa, bar batun sata tukuna, ko babu sata lissafin ba ya fita yadda ake sayen motocin nan.

Akra zuwa Tamale ya haura kilomita 600. Zuwa da dawowa 1,200 da ɗoriya. Safar da ke yin sawu uku a mako ta kusa cin kilomita 200,000 a shekara, a kan hanyar da ka sani, ramukan da ke tsakanin Kintampo da Buipe, da tudun rage gudu a kowane ƙauye. Shekara huɗu zuwa biyar inji na neman a sauke shi, giya na kuka, na'urar sanyi ta gaji. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka ƙarfe yake.

Matsalar ita ce in ka sayi 50 rana ɗaya, rana ɗaya za su tsufa. Shekara biyun farko kowa na yabo, kuɗi na shigowa, amma bashin da aka sayo su da shi yake bi. Shekara ta huɗu sai su fara kwanciya tare, a daidai lokacin da ba a gama biyan bashin ba. Daga nan sai a fara cire kayan wata a sa wa wata. Duk garejin da ka ga an fara haka, to mota goma za ta koma shida, shida ta koma uku. Mai hankali mota goma yake saye duk shekara, ya sayar da goma mafi tsufa tun suna da daraja. Amma mota goma ba ta isa a kira 'yan jarida a yi taro ba, ka gane inda siyasa ta shigo.

Na biyu, tarkacen iri. A tsawon shekarun nan an ga na Jamus, an ga na Sin, a 2016 aka kawo Scania, injin Suwidin da bodin Marcopolo na Brazil. Motoci ne na gaske, ban raina su ba. Amma kowane iri da kayan gyaransa, da kwamfutar da ake duba shi da ita, da horon da bakanike ke bukata. Su 'yan kasuwa da yawansu Kia Granbird suka riƙe. Ka shigo kasuwar kayan mota ta Suame a Kumasi ko ka je ta Abossey Okai a Akra, daga fitila har kan inji za ka samu a rana ɗaya, kuma yaron da ya shekara uku a gareji ya san cikinta. Motar da kayanta ke kasuwa kwana ɗaya take yi a ƙasa. Wadda sai an yi oda daga waje tana iya wata biyu, kuma duk ranar da ta kwana a gareji bashi na tafiya, tikiti ba ya shigowa.

Na uku, tikiti da sidi ake saye, kayan gyara da dala. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta haura 14. Wa zai iya ninka kuɗin mota sau biyu a wata goma? Ɗan kasuwa zai rage sabis, ya sa tsohuwar taya, ya ƙara sawu. Kamfanin da ke da doka a kansa ba ya iya yin haka, sai ya ajiye motar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, an kafa kamfanin Neoplan a nan Kumasi tun 1974, aka riƙa haɗa bodin safa da hannun 'yan ƙasa, mai jure hanyarmu. Har tasha aka sa wa sunansa a Circle, cikin Akra. Da an riƙe shi da oda duk shekara, da yanzu ba wannan zancen muke ba.

Ɗan Ashaiman:
Duk wannan dogon bayani ne. A faɗi gaskiya, wace jam'iyya ce ta kashe shi? A 2016 kafin motocin Mahama su zo ai jaridu sun yi ta buga cewa ma'aikata na bin albashi.

Ɗan Aboabo:
To wa ya farfaɗo da shi daga 2017? Ba lokacin da Nana Akomea ke shugabantar kamfanin ne aka buɗe sababbin tashoshi ba?

Shugaban Zaure:
Jama'a, a yi haƙuri. An sayar a zamanin wata jam'iyya, an sake suna a zamanin wata, kowacce ta sayo motoci a shekarar zaɓenta. Ba NDC da NPP muka zo yi ba. Wanda ya sake jawo jam'iyya zan goge.

Hajiya Mai Atamfa, Tamale:
Ku maza kuna ta lissafin inji, bari in faɗa muku abin da mace mai kaya take dubawa.

Ina saro atamfa da leshi a Makola da Kantamanto in kawo Tamale. A STC za a ɗora kayana a sikeli, a faɗa mini kuɗin, a ba ni rasit, a manna lamba. Wasu na ƙorafin awon, ni kuwa shi nake so, don na san abin da zan biya tun kafin in bar gida, ba ruwana da ɗan kamasho mai kallon zanen jikina kafin ya yanka mini farashi. Kuma ba a tsayawa a hanya a ɗebi wanda ba a san daga inda ya fito ba. Wanda ya san abin da ke faruwa da dare tsakanin Kintampo da Buipe, ko hanyar Bole da Bamboi, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata shekara gab da babbar salla ban samu tikiti ba, na shiga wata safar da ba zan ambaci sunanta ba. An jera kujerun roba a tsakiya, an cika but har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya, direba ɗaya tun daga Akra, kuma da safiyar ranar ya iso daga arewa. Bayan Techiman na ga kansa na lilo. Mu mata muka haɗa baki muka ce sai ya tsaya, aka yi ta cacar baki kafin ya yarda ya kwanta awa ɗaya. Kun tuna haɗarin Kintampo na Fabrairun 2016, da na Maris 2019 da safa biyu suka yi karo wuta ta tashi? Kowanne ya ci sama da mutum 50, akasari 'yan arewa, kuma babu motar STC a ciki. Mu ne muke binne mutanen nan. Don haka ɗana, in ka ce a sayar, ka faɗa mini wa zai tilasta wa mai saye ya bar direba ya yi barci.

Ɗan Nima:
Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma wannan aikin hukumar kiyaye haɗurra ne da 'yan sanda. Doka ce za ta hana direba tuƙi ba barci, a kan kowane kamfani. Ba sai gwamnati ta mallaki mota ba kafin ta sa doka.

Hajiya Mai Atamfa, Tamale:
Dokar tana nan ɗana, tun kafin a haife ka. Shingen 'yan sanda nawa muka wuce a daren nan da kujerun roba a tsakiya? Ni abin da na gani da idona shi ne, inda akwai motar STC a layi, sauran suna gyara halinsu don kar mu gudu. Inda babu ita, yadda suka ga dama suke yi.

Ɗalibar Jami'ar UDS:
Ina goyon bayan Hajiya. Iyaye da yawa in za su tura 'ya mace makaranta Nyankpala ko Navrongo ko Wa, STC suke cewa ta hau, don daga tasha sai tasha. Jirgin sama awa ɗaya ne daga Akra zuwa Tamale, amma ɗalibai nawa ke da kuɗinsa? Roƙona ɗaya, a riƙa daidaita tsayawa da lokacin salla. Tafiyar awa 12 ce, in an tsaya Kintampo minti 20 ne, a ciki za ka yi layin bayi, ka yi alwala, ka yi salla, ka sayi soyayyar doya. Layin arewa akasarin fasinja Musulmi ne, ƙara minti 10 ba zai karya kowa ba. Kowane kamfani nake nufi.

Bakano Mai Kanti a Akra:
Ni baƙo ne a nan, amma abin da Bakanike ya faɗa kamar da gidanmu yake. Kano Line, Borno Express, Yankari Express, duk haka ake yi: gwamna ya sayo motoci a jera a filin taro, a yi shekara uku ana jin daɗi, sai su koma bayan gareji har wani gwamnan ya zo. Bambancin da na gani, STC na tsallaka iyaka. Na hau ta zuwa Abijan, ta Cape Coast da Takoradi, aka fita ta Elubo aka shiga Noé. A kan iyaka ma'aikacinsu ne ya tattara takardunmu ya shige gaba, abin da in kai kaɗai ne za ka sha tambaya.

Ɗan Gaya Mai Albasa:
Gaskiya ne Alhaji. Layukan waje su ne inda kamfani mai suna yake da amfani, Abijan, Lome, Kwatano, da Wagadugu ta Paga da aka daɗe ana yi. Amma ku tuna abin da ya same su. An rufe iyakokin Gana na ƙasa daga Maris 2020 har Maris 2022, shekara biyu cur ba sawu ko ɗaya, kuma a cikin wannan rufewar aka kawo motoci 100 ɗin da ake magana. Mu ma ta ɓangarenmu bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar Malanville da Gaya, fasinjan da ya fito daga Akra ko Kwatano zai je Yamai sai ya sauka ya shiga kwalekwale, wata motar ta ɗauke shi a tsallake. Su Rimbo, kamfanin safa na Nijar, suna da motoci a ɓangarorin biyu shi ya sa suka iya. Harkar safa ta ƙasa da ƙasa yanzu ba ta mai ƙaramin jari ba ce.

Malamin Tarihi, Kumasi:
Ƙanena na Nima, akwai abin da ya kamata ka sani game da VIP ɗin da kake misali da shi. Ba mutum ɗaya ne ya sayi motocin nan duka ba, masu motoci da yawa ne suka haɗu a ƙarƙashin suna ɗaya. Kowa na lura da tasa, in ta tsufa shi zai nemo wata. STC ma ya fara bin wannan hanya, yana karɓar motocin 'yan kasuwa su yi aiki da sunansa da tashoshinsa a raba kuɗi, har da ƙananan bas na gajeren zango. Ga aiken kaya, ga makarantar koyon tuƙi, ga duba lafiyar motoci. Wato tsakanin "a sayar" da "a jira shugaban ƙasa" akwai wuri mai faɗi.

Kuma ka duba inda ɗan kasuwa ke zuba motocinsa. Akra zuwa Kumasi kilomita 250 ne, fasinja ba ya yankewa dare da rana, mota na iya zuwa ta dawo a yini. Nan kowa ke so. Wa ke rububin Nandom ko Tumu, can ƙarshen arewa?

Ɗan Nima:
To Malam, in haka ne a rubuta a fili. Layin Kumasi da Takoradi da Abijan su ci riba su sayi motocinsu da kansu, goma-goma duk shekara yadda Bakanike ya ce, iri ɗaya ko biyu. Layin da ba ya biyan kansa amma jama'a na bukata, gwamnati ta biya bambancin daga kasafin kuɗi, kowa ya ga adadin, ba daga fanshon su Malama ba. Kuma a riƙa buga lissafin kamfanin duk shekara. In an yi haka na bar maganar sayarwa. In ba a yi ba, ina nan a kan bakana.

Malamar Asibiti, Bolga:
Wannan na sa hannu. A ƙara da cewa shugaban kamfanin kar ya riƙa sauyawa duk sanda gwamnati ta sauya.

Bakanike a Suame:
Kuma duk yarjejeniyar sayen mota a haɗa da kayan gyara na shekara biyar da horar da bakanikai a cikin farashin, tun kafin motar ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema. In mai sayarwa ya ƙi, a nemi wani.

Hajiya Mai Atamfa, Tamale:
Ni kuma in da mai kai saƙo, a faɗa musu mutanen Yendi da Bimbilla da Nkwanta suna nan. Hanyar gabas ta Hohoe ta fi kusa da Akra a gare su, amma rashin kyanta ya sa da yawa ke zagayowa ta Tamale da Kumasi, su biya kuɗin mota biyu. 'Yan'uwana masu doya a can suke. Duk ranar da aka gama kwaltar nan, ina so motar farko da za ta fara bin ta a kan lokaci ta zama ta STC, tun kafin 'yan kamasho su kafa tasha.

Tsohon Direba:
Hajiya, ko an gama kwalta sai an sa gareji a Nkwanta ko Bimbilla, da bakanike da taya a ajiye. Tsakanin nan in mota ta lalace, kafin taimako ya zo daga Tamale ko Akra an kwana. Kuma layin na direba biyu ne, kar su yarda su sa ɗaya.